Benny Andrews da Ƙauyen da Ya Liƙa a Jikin Zane

An haifi Benny Andrews a 1930 a Plainview, wani ɗan ƙauye a jihar Jojiya da ke kudancin Amurka. Su goma ne wurin iyayensu, baƙaƙen fata masu noman kashi-mu-raba: gona ta wani, gumi nasu, in an tsinke auduga mai gona ya kwashi kasonsa. Benny ya tashi yana tsinkar auduga, sakandare kuwa sai aikin gona ya lafa yake zuwa. Mahaifiyarsa Viola ce ta tsaya kai da fata sai ya yi karatu.

Bayan ya bar aikin sojan sama ya shiga makarantar koyon zane a Shikago, ya gama a 1958. A nan ya gano hanyarsa. Ya tashi zana masu sharar makarantar, sai ya ga fenti kaɗai ya cika santsi ga mutanen da hannuwansu suka yi kanta. Ya ɗebo takardun goge hannu, kayan aikinsu na kullum, ya liƙa su cikin zanen.

A 1965 ya samu tallafin da ya ba shi damar komawa Jojiya, ya shiga zana rayuwar da ya fito daga cikinta: manoma, masu wa'azi a coci, tsofaffi, jana'iza. A waɗannan zane-zane ne dabarar ta nuna amfaninta. Yakan yanko ƙyalle, ko tsumman algarara, ko guntun yadin zane, ya cukuikuye shi, ya manna, sannan ya bi da fentin mai. Rigar manomi sai ta taso daga jikin allon da ninkinta da kaushinta. Wani lokaci fuska ma da ƙyalle yake gina ta. Bayan mutumin kuwa sau da yawa fili ne fayau, ba abin da zai ɗauke ido daga kansa. A ganina wannan ne ya hana aikinsa zama irin hotunan nan masu ƙawata talauci. Wanda ya taɓa jan buhun auduga ya san nauyinsa, kuma Andrews bai yarda mai kallo ya wuce bai ji shi ba.

Mahaifinsa George ma mai zane ne, ba wanda ya koya masa. An san shi da cika kowane abu da ɗige-ɗigen fenti. An baje kolin ayyukansu tare, uba da ɗa, kafin George ya rasu. Benny ya rasu a 2006 a New York.