Gina Manhajar Kimiyya Daga Tushe: Ina Wahalar Take?

Duk manhajar da ke aiki a kwamfuta, asalinta rubutu ne da mutum ya tsara. Na'urar ba ta jin wannan rubutun kai tsaye, sai wata manhaja mai suna kompaila ta juya shi zuwa umarnin da za ta iya bi. Wannan juyawar ita ake kira gina manhaja daga tushe, kuma a manhajojin kimiyya ta fi ba da ciwon kai.

Mu ɗauki SciPy, wadda masu bincike ke lissafi da ita a harshen Python. A fuska Python ce, amma a ciki akwai C da C++ da kuma Fortran, tsohon harshen da kamfanin IBM ya fitar a 1957, wanda masana lissafi suka ƙi rabuwa da shi saboda saurinsa. Tana kuma dogara da manhajojin BLAS da LAPACK wajen sarrafa manyan jadawalan lambobi. Idan aka rasa ɗaya daga cikin waɗannan, ginin zai tsaya a tsakiya.

A Linux abin da sauƙi: mai Ubuntu zai sauke kompailar Fortran mai suna gfortran da manhajar OpenBLAS da umarni guda. Mai Mac kuwa, kayan aikin da Apple ke bayarwa ba su da kompailar Fortran, sai ya nemo ta ta Homebrew, kuma da kamfanin ya koma guntun M1 a 2020 sai da aka sake jira kafin kayan su daidaita. Windows ce ta fi gardama. Visual Studio na Microsoft ba ya sarrafa Fortran, sai an nemo wata kompailar, sannan haɗa abin da kompailoli biyu daban suka fitar ba wasa ba ne. An fara SciPy a 2001, amma sai a 2017 masu ita suka sa ginannen kwafin Windows a rumbun PyPI. Shekara 16 ke nan, kuma masu aikin ba malalata ba ne.

Ginawa da hannu tana da amfani ga mai kula da babbar kwamfutar bincike da ke son manhajar ta dace da injinsa, ko mai son gyara rubutun da kansa. Amma ɗalibin da ke son lissafin bincikensa ya fito kawai, ya sauke ginanniyar da pip ko conda, ya kama aikinsa.