Gani Ya Daina Korar Ji: 'Yan Kasuwa A Yi Hattara

Hausawa kan ce gani ya kori ji. To amma a yau akwai wata fasahar kwamfuta da ake kira ƙirƙirarriyar basira, wadda ke iya ɗaukar fuskar mutum da muryarsa ta sa masa maganar da bai taɓa faɗi ba, kuma tuni ta zama makami a takun-saƙar da ake yi a yankin Sahel.

Yaƙin baki ta intanet ya daɗe. A watan Disamban 2020 kamfanin Facebook ya rufe wasu shafukan bogi masu alaƙa da Faransa da Rasha, waɗanda ke yi wa juna ɓatanci a ƙasashen Afirka. A watan Janairun 2023 aka ga bidiyon wasu mutane suna kiran a goyi bayan sojojin Burkina Faso, ashe ba mutane ba ne, da manhajar Synthesia aka ƙera su. A watan Mayun 2025 kuma sai da fadar Batikan ta fito ta ƙaryata wani bidiyo da ya nuna Fafaroma Leo na 14 yana yabon Kyaftin Ibrahim Traore.

Mai sayar da aya a Agye, ko mai awon wake a Gazawa, ko dillalin dabbobi a Gidan Rumji, zai ce ina ruwansa. Ai kuwa da ruwansa. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, ƙungiyar CEDEAO ta saka wa Nijar takunkumi, Najeriya ta yanke wuta, hanyar Ɗan Isa zuwa Jibiya ta rufe har watan Maris na 2024. Kowa ya ga yadda tiyar shinkafa ta yi tsada, masu saye daga Katsina da Kano suka yi ƙaranci.

A irin wannan hali, murya ɗaya ta ƙarya a WhatsApp, da sunan wani shugaba yana cewa za a sake rufe iyaka, ta isa ta sa mace ta karyar da kayanta, ko ta canza nairarta da asara tun kafin azahar. Wanda ya ƙera muryar yana can nesa, bai san zafin uwar kuɗinki ba.

Saboda haka kafin ki taɓa farashi, saurari labaran rediyo, ki tambayi direbobin da suka fito bakin iyaka a ranar. Saƙon da ba a san mafarinsa ba kuwa, a bar shi ya mutu a cikin salula. Allah Ya ba da kasuwa mai albarka.