Kifi da Lambu a Ruwa Ɗaya

Duk wanda ya yi rani a ƙasar Fika ya san darajar ruwa. Damina takan kankama wajen watan Yuni, kafin Oktoba ya ƙare ta ɗauke, sa'an nan sai a shiga jan guga har wata bakwai ko fiye. A lokacin nan ɗanyen ganyen miya sai a fadama, ko kuwa mutum ya kwance lalitarsa a kasuwar Potiskum. Mu da za a rarraba ƙauyuka don koyarwa mun san irin yaran da za mu tarar, kuka da busasshiyar kuɓewa ce miyarsu har shuka ta fito. Saboda haka nake so in bayyana wa 'yan'uwa wata dabara da na gwada a gidanmu, ta kiwon kifi da noman ganye da ruwa ɗaya. Turawa suna ce da ita akwafonik.

Dabarar ba sabuwa ba ce sarai. Mutanen Sin sun daɗe suna sakin kifi cikin gonakin shinkafa. Wani malami, James Rakocy, ya yi shekaru yana kyautata ta a Jami'ar Tsibiran Birjin tun wajen 1980. A 2014 kuwa Hukumar Abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta buga littafi a kan yadda ake yin ta a gida.

Ga yadda abin yake. Ma'aikata uku ne a ciki. Na fari kifi, wanda in ya ci abinci yakan fid da wani abu cikin ruwa da ake kira amoniya. Amoniya guba ce ga kifi, in ta taru sai ta kashe shi. Na biyu waɗansu ƙwayoyin halitta ne, watau bakteriya, waɗanda ido ba ya gani. Suna zaune a jikin tsakuwa, su ne ke juya amoniya ta zama naitireti, irin abin da ke cikin takin zamani. Na uku shuka, wadda saiwarta ke shanye takin nan. Da haka ruwa ke komawa wurin kifi da tsabta, ya yi ta zagawa. Abin da ke raguwa sai wanda rana da ganye suka sha, shi kaɗai za ka riƙa cikawa.

Kayan da na fara da su ba su da yawa. Durom biyu na roba, kowane mai cin lita 200, waɗanda ba a taɓa zuba mai ko magani a ciki ba. Ɗaya na kifi ne. Ɗayan na tsaga shi biyu a tsaye, ya zama kwami biyu, na ɗora su bisa katako sama da na kifin, na cika su da wankakkiyar tsakuwa. Zurfinsu ya kusa santimita 30, watau ƙafa ɗaya, wanda ya ishi saiwa. Ƙaramin famfo yana tura ruwa sama, ruwan ya ratsa tsakuwa ya gangaro ta bututu. Ya kamata ruwan durom duka ya zaga aƙalla sau ɗaya cikin sa'a guda. Inda wutar lantarki ba ta da tabbas, faifan hasken rana da batir sun fi.

A lura da tsakuwa. Yankin nan na kusa da kogin Gongola yana da farar ƙasa, irin wadda ake yin siminti da ita a Ashaka. Tsakuwa irin wannan takan ɓata ruwa har shuka ta kasa cin takinta. Matsa mata lemon tsami, in ta yi kumfa ka bar ta.

To, ga inda maganar take. Ma'aikacin nan na biyu renonsa ake yi. Wanda ya haɗa kaya yau ya zuba kifi gobe, kifinsa zai mutu, gama babu mai kwashe gubar tukuna. Sai ka cika ruwa, ka tashi famfo, ka riƙa barbaɗa ɗan abincin kifi kowace rana ya ruɓe a ciki, ka jira mako huɗu zuwa shida. In ruwan famfo ne mai magani, bar shi ya kwana biyu a buɗe kafin ka zuba. Sannu ba ta hana zuwa.

Sa'an nan ka kawo kifi. Tarwaɗa ta fi dacewa da mai koyo, domin tana iya shaƙar iska ta sama, ko famfo ya tsaya na ɗan lokaci takan jure. Amma a rufe bakin durom da raga, don takan yi tsalle. Ga ɗan lissafi, wanda ma ya dace da allon aji. Lita 1,000 na ruwa kada ta ɗauki kifi fiye da kilo 20, ke nan lita 200 iyakarta kilo 4. Tarwaɗa takwas masu rabin kilo sun cika ta. Abincinsu na yini ɗaya zai kai giram 40 zuwa 60, takin da ke fita daga wannan kuwa ya yi daidai da kwamin nan biyu. Alayyafo da latas da yakuwa su ne na farawa. Tumatir da tattasai suna son taki mai yawa, a bari sai kifi sun girma.

Dokoki uku ne kada a karya. Kada a ba kifi abinci fiye da wanda za su cinye cikin rabin sa'a, ragowar a kwashe. Kada a fesa maganin ƙwari a ganye, kada kuma sabulu ya taɓa ruwan, gama abin da ya sauka a kwami ya sauka a bakin kifi. Kada a bar durom a rana, musamman a Maris da Afrilu. Da hunturu kuwa kifi kan rage ci, sai a rage musu abinci, a rufe su da dare.

Durom biyu ba za su ciyad da gari ba, amma za su ba gida ɗanyen ganye a tsakiyar rani, su kuma nuna wa yaro yadda halitta ke cin moriyar halitta. Ina roƙon 'yan'uwana ɗalibai mu kafa ɗaya a lambun kwaleji, mu koya da hannunmu kafin a raba mu. Allah ya ba mu sa'a, amin.