An Karɓi Kuɗi, Wasa Bai Kammalu Ba

A zamanin kaset na Nintendo da Sega, abin da aka zuba a cikin wasan bidiyo shi ke nan. Kuskuren da ya fita kasuwa ba ya gyaruwa sai an buga sabon kaset, don haka dole a tsaya a gwada sosai. Intanet ce ta sauya lissafin. Yau kamfani na iya sayar da wasa, gyara ya biyo baya.

Cyberpunk 2077 ne ya fi tona asirin wannan ɗabi'a. Kamfanin CD Projekt na ƙasar Poland ya ɗage fitowarsa har sau uku, sannan ya sake shi ranar 10 ga Disamba, 2020, bayan an riga an biya kuɗin kwafi miliyan 8 ba tare da an gan shi ba. A kan PlayStation 4 da Xbox One sai ya riƙa tsayawa cak, hoto na dishi-dishi, wani lokacin ya mutu gaba ɗaya. Masu sharhi kuwa na kwamfuta kaɗai aka ba su kafin ranar, kuma wannan ya fi ƙarfin a kira shi ganganci. Bayan mako guda kacal Sony ta cire shi daga shagonta, ta mayar wa masu buƙata kuɗinsu. Bai koma ba sai watan Yunin 2021.

Me ya kawo gaggawar? Kasuwar Kirsimeti da idon masu hannun jari. Kamar tela ne a daren salla: ya karɓi kuɗin ɗinki, ya miƙo riga babu hannu ɗaya, ya ce a dawo bayan salla. Ma'aikatan ma sun sha wuya, don har aikin kwana shida a mako aka ɗora musu.

Ana cewa ai daga baya ana gyarawa, ana kawo misalin wasan No Man's Sky na 2016. Gaskiya ne, amma wa ke biyan kuɗin gyaran? Sabuntawa ɗaya kan cinye gigabait masu yawa. Mai shagon gem a Kano ko Maraɗi, da ke sayen data yana fama da ɗaukewar wuta, faifan da ya saya rabin kaya ne.

Kamfanonin kuma ba su ga dalilin dainawa ba. Duk da ƙorafin da mayar da kuɗi, cikin kwana goma na farko an sayar da Cyberpunk sama da kwafi miliyan 13.