Gadon Iri da Ingancin Man Gyaɗa a Ƙasar Gaya da Ajingi

Sanin kowa ne cewa matan Gaya da Ajingi sun daɗe da sana'ar matsar man gyaɗa da suyar ƙuli-ƙuli. Sai dai auki da ƙargon man da suke samu ba ga ƙwarewar hannu kaɗai suka dogara ba, tun daga iri ake gado su.

Yayin da ƙwayar gyaɗa ke nuna a cikin ƙwansonta ƙarƙashin ƙasa, tana mai da sukarin da ganye ya haɗa zuwa mai, har ya kai kusan rabin nauyinta. Mafi yawan man nan sinadarai biyu ne, wato oleyik da linoleyik. Na farkon yana jure ajiya, na biyun kuwa iska ke saurin ɓata shi, wari da ɗanɗanon man su sauya. Wasu ƙwayoyin gado biyu, da masana ke kira FAD2, su ke juya oleyik ya zama linoleyik.

A shekarar 1987 masana a Jami'ar Filorida ta Amurka suka bayyana wata gyaɗa wadda waɗannan ƙwayoyi suka raunana a cikinta, oleyik ɗinta ya kai kusan kashi 80 bisa 100. A nan gida, bayan annobar kuturtar gyaɗa ta 1975, Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru ta dukufa ga samar da iri masu jure cutar. Haɗa wannan juriya da gadon oleyik zai rage wa mai sana'a asarar man da ya lalace kafin a saya.