Tsatsa da cinyewa: rigar da masana suka ɗinka wa ƙarfe

Ƙarfe yana da abokan gaba biyu. Na farko tsatsa, wadda ke samuwa idan ruwa da iska suka daɗe a jikinsa, gishiri kuma ya ƙara mata sauri. Na biyu cinyewa, watau yadda gugar yau da gobe ke zaizaye bakin kayan aiki har ya dakushe. Duk ma'aikatar da ke sayo injuna daga waje da kuɗin baitulmali ta san asarar da waɗannan biyu ke jawowa. Dalili ke nan da ya sa masana suka duƙufa neman rigar da za ta kare ƙarfe daga dukansu.

A shekara ta 1969 kamfanin Sandvik na ƙasar Suwidin da kamfanin Krupp na Jamus suka fara sayar da bakin yankan ƙarfe mai shafe da wani haɗi mai tauri ƙwarai. Sai dai aikin shafen yana bukatar zafi wajen digiri 1000, irin zafin da ke kashe taurin ƙarfen kayan aiki. A farkon shekarun 1980 wata hanya ta bazu wadda ba ta wuce digiri 500. Ana sa kayan cikin wata tukunya rufaffiya, a zuƙe iskar ciki, a mai da ƙarfen titan tururi da wutar lantarki, sa'an nan a shigar da iskar azot, wadda ita ce kashi 78 cikin 100 na iskar da mutane ke shaƙa. Titan da azot sai su haɗu su kwanta bisa ƙarfen. Wannan haɗi, da masana ke rubutawa TiN, shi ne ruwan zinariyar nan da ake gani jikin mahudin ƙarfe a kasuwa.

Kaurin shafen bai cika wuce mikiron 2 zuwa 5 ba. Mikiron guda kashi ɗaya ne cikin 1000 na milimita, gashin kai ɗaya kuwa yana kai wajen mikiron 70. Duk da haka taurinsa ya kusa ninka na ƙarfen da ke ƙarƙashi sau uku: a ma'aunin Vickers ƙarfen mahudi yana tsakanin 800 da 900, shafen kuwa wajen 2300.

To, amma shafe falle ɗaya yana da aibi. Sa'ad da yake kwanciya, ƙwayoyinsa suna tsirowa a tsaye kamar karan gero a gona, su bar ƴan ƙananan kafofi da ido ba ya gani. Ta nan ruwa ke silalewa ya tarar da ƙarfe. A kwanon rufi abin ya bambanta, domin tutiyar da aka shafa masa ita ke fara lalacewa, ta fanshi ƙarfen ko da an karce ta. Shafen titan da azot ba ya ba da kansa haka. Saboda ya fi ƙarfe jure tsatsa, dukan ɓarnar sai ta taru a gindin kafar, ta ci rami a ɓoye, har wata rana shafen ya ɓare.

Maganin da aka samo ya yi kama da baibayar ɗaki. Mai baibaya yana jera ciyawa rufi bisa rufi, don kada kafar sama ta dace da ta ƙasa. Haka masana ke jera falle bisa falle, misali titan da azot, sa'an nan kurom da azot, a yi ta sauyawa har gommai ko ɗaruruwa. Kowane sabon falle yana katse tsirowar ƙwayoyin na ƙasa, ya toshe kafofinsa, hanyar ruwa ta yi tsawo ta karkace. Tsaga ma idan ta taso daga sama, da ta iso iyakar falle biyu sai ta kauce gefe, ƙarfinta ya ragu kafin ta kai ƙarfen.

Jerawar tana ƙara tauri kuma. A 1970 wani masani na Jami'ar Ilinoy ta Amurka, James Koehler, ya nuna a lissafi cewa siraran falle na abubuwa biyu za su fi kowannensu ƙarfi. A 1987 masana daga Linkoping ta Suwidin da Ilinoy suka jera titan da azot tare da banadiyam da azot, suka auna tauri fiye da 5000, watau sama da ninki biyu na falle ɗaya. A wajen zafi ma an ci gaba. TiN yana fara lalacewa tsakanin digiri 500 da 600, amma idan an gauraya shi da alminiyam yana jurewa har wajen 800. Shafen kurom da azot kuwa ana sa shi a zoben fistin na injin mota.

Akwai abubuwa uku da ya kamata mai saye ya riƙe. Na ɗaya, launin zinariya ba shaida ba ne. Mai arha ma yana ƙyalli. Na biyu, shafe ba ya gyara mugun ƙarfe, domin idan na ƙarƙashi mai taushi ne, zai lotsa, shafen ya fashe kamar ɓawon ƙwai. Na uku, wasa baki yana kwashe shafen wurin da aka wasa, shi ya sa manyan masana'antu ke mayar da kayansu a sake shafawa. Saboda haka ya wajaba ga jami'an da ke sa hannu a takardun sayen kaya su nemi a rubuta musu irin ƙarfen, da irin shafen, da kaurinsa, da sakamakon gwajin ruwan gishiri, tun kafin kuɗi su fita.