Fasahar Gajimare da Darasin Katse Layukan Sadarwa a Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa

Mutane da dama a karkarar Katsina suna amfani da fasahar gajimare ba tare da sun san sunanta ba. Malamin firamare a Sabuwa da ya sayi sabuwar waya, ya sanya adireshinsa na Gmail, sai ga lambobin abokan hulɗarsa sun dawo, da ita ya yi aiki. Haka ma mai sana'ar POS a Ƙanƙara da ke tura kuɗin abokin ciniki zuwa wani banki. Abin da ake nufi da fasahar shi ne ajiye bayanai ko sarrafa su a kan kwamfutocin wani kamfani da ke nesa, ana isa gare su ta intanet, maimakon a dogara ga na'urar da ke hannu kaɗai. Sunan ya samo asali ne daga al'adar injiniyoyi ta zana siffar gajimare a taswirar sadarwa, don nuna ɓangaren da ba a buƙatar bayyana cikinsa. Babu abin da ke sararin sama. Kwamfutoci ne dubbai, jere a manyan gine-gine masu na'urar sanyaya iska da wutar da ba ta ɗaukewa.

Manomin Faskari ba zai sha wahalar gane tsarin ba. Wanda ya noma masara yana iya zuba ta a rumbun gida, inda gobara ko ɓarawo ke iya raba shi da ita dare ɗaya, yana kuma iya kama hayar sito a Funtuwa ko Dandume, ya biya gwargwadon buhunan da ya ajiye. Gajimare hayar sito ce. Kamfanin Amazon ne ya fara wannan haya a babban sikeli a shekarar 2006, Microsoft ya biyo da Azure a 2010, sannan Google ya buɗe Google Drive a 2012, wanda a yau yake ba kowane mai asusu gigabait 15 kyauta.

Masana sun kasa hayar gida uku. Akwai mai kama kwamfutar zalla ya zuba mata abin da yake so, akwai mai kama dandalin da aka riga aka shirya don gina manhaja, akwai kuma mai amfani da manhajar da aka gama, kamar Gmail. Rukuni na uku ne ya shafi mafi yawan jama'a.

Amfanin wannan ga yankin da ke fama da 'yan bindiga a fili yake. Iyalin da aka tayar daga ƙauye cikin dare ba sa tsayawa neman takardar gona ko sakamakon jarrabawar yaro. Idan an taɓa ɗaukar hoton takardun aka ɗora su a gajimare, ana iya sauko da su daga kowace waya a Katsina ko Zariya, muddin ana tune da kalmar sirri. Hoto ba ya maye gurbin takardar asali a gaban hukuma, amma yana sauƙaƙa neman wata, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne ga wanda ya rasa komai.

Sai dai sito ba ya amfanar mai shi idan an tare hanya. A watan Satumba na 2021, bayan an ɗauki irin matakin a Zamfara, an katse layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina a zamanin Gwamna Aminu Bello Masari, da nufin hana 'yan bindiga magana da masu kai musu rahoto. Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa duk suna ciki. Da aka fara maido da layukan a watan Disamba, waɗannan uku suna cikin waɗanda aka bari su ƙara jira. A tsawon watannin nan babu bayanin da ya ɓace daga gajimare. Kuɗin mutane suna nan a rubuce a kwamfutocin bankuna, hotunansu suna nan a ma'ajiyar Google. Isa gare su ne ya gagara. Na'urar POS ta zama kwalliya, mai son cire kuɗinsa ko tura saƙo sai ya hau mota zuwa garin da ke da sabis, a kan hanyoyin da su kansu ba su da aminci. Littattafan koyar da fasahar, waɗanda akasari aka rubuta a ƙasashen da layi ba ya yankewa, ba su cika tsayawa kan wannan ba.

Tsinkewar hanya kan zo daga nesa ma. Yawancin bayanan 'yan Nijeriya da ke hannun manyan kamfanoni suna ƙetare ne, suna bin wayoyin da aka shimfiɗa a ƙarƙashin teku zuwa Legas. A ranar 14 ga Maris 2024, da wasu daga cikin wayoyin suka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, bankuna da dama a Nijeriya sun kasa yi wa jama'a aiki yadda ya kamata. Wannan na daga dalilan da ake kira da a ƙara gina cibiyoyin adana bayanai a cikin gida, irin waɗanda Galaxy Backbone na gwamnatin tarayya yake da su a Abuja da Kano.

Saboda haka makaranta ko asibitin karkara da ke son komawa gajimare bai kamata ya watsar da rajistarsa ta takarda ba. Abin da ya dace shi ne kwafi biyu, ɗaya a hannu ɗaya a nesa, tare da zaɓen manhajar da ke aiki ba intanet, ta aika bayanan da kanta idan layi ya dawo. Akwai kuma batun mabuɗi. A garuruwa da yawa masu shagon waya ne ke buɗe wa mutane asusun Gmail, su zaɓa musu kalmar sirri, mai asusun ya tafi bai san ta ba. Ranar da wayar ta ɓata, ajiyar tana nan, amma mai shago ne kaɗai ke iya buɗe ta.